Ras Barna da Tukunyar Mama Azumi

A gidan su Barnaba da ke Bukuru, in ji maƙwabta, ko tari aka yi sai wani ya yi amshi. Kakansa ya tsufa da molo a hannu. Babansa, Malam Josiah, shi ne shugaban mawaƙan cocinsu har ranar da Ubangiji ya kira shi, mutum ne da yake jin muryar da ta karkace a tsakiyar taro ya nuna mai ita da sanda ko waiwayawa bai yi ba. Yayarsa Kindness kibod take dannawa. Mahaifiyarsa kuwa, Mama Azumi, ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata, kuma ba ta jiran babban dalili kafin ta ƙirƙiro sabuwa. In maƙwabciya ta ari turmi ta yi shiru da shi, kafin yamma yaran unguwa sun haddace amshi, turmi kuma ya dawo da ƙafarsa.

Barnaba shi ne auta, shi ne kuma ya fita zakka. Yana ɗan saurayi wani kawunsa direban tirela ya bar masa kaset na mawaƙan Jamaika, tun daga nan kunnensa bai sake komawa daidai ba. Wata Lahadi aka ba shi ya ja waƙar baiko, ya ja ta da salon rege, yana ɗaga gwiwa ɗaya bayan ɗaya. Dattawan da ke gaba suka ɗauka cinnaka ne ya shiga wandonsa. Sai da aka koma gida Malam Josiah ya dube shi.

"Murya dai akwai," ya ce. "Hankalin ne za mu ci gaba da sa shi a addu'a."

Addu'ar ta ɗan kama, don Barnaba ya karanta injiniya, har ya samu gurbin digiri na biyu a Kuala Lumpur. Sai dai jita ce ta riga takardu shiga kaya.

A Danau Kota ya sauka, a wani dogon bene da ɗalibai suka cika. Can ya haɗu da Tajuddeen, Bakano mai neman digirin digirgir a fannin noma, wanda yake kaɗa jitar bes a ɓoye, don in labari ya kai gida zai sha tambayoyi. Ta hanyarsa suka samu Adnan, ɗan ƙasa, haifaffen Kampung Baru, makaɗin ganga mai kirki da arhar hawaye. Barnaba ya bar gashi ya yi dada, ya yanke wa sunansa wutsiya ya koma Ras Barna.

"Mutumina," in ji Tajuddeen, "ka san fa Bahaushe in ya ga sunan nan, Ɓarna zai karanta."

"Bahaushe nawa ne a Maleshiya?"

"Isassu."

Shekarun farko ba a ji da daɗi ba. Waƙoƙin da Barnaba yake rubutawa da Turanci duk kanwar ja ce: Babila za ta faɗi, zaki zai tashi, rana za ta fito. Sun yi wasa a wani shagon shayi a Cheras, mai shagon ya zo cikin ladabi ya roƙe su su rage sauti don jama'a na kallon ƙwallo. Sun yi a bikin buɗe wani wurin wankin mota, inda motocin suka fi mutane yawa kuma suka fi su natsuwa. A haka Barnaba ya gama karatu, ya samu aiki a wani kamfanin gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ya auri Roseline, 'yar Kafanchan da ke koyarwa a makarantar ƙananan yara. Babila kuma tana nan daram.

Wata Asabar suna gwaji a ƙarƙashin gidan su Adnan, irin gidan katakon nan mai ƙafafu, sai ƙamshin naman da mahaifiyar Adnan take dafawa da madarar kwakwa ya sauko musu. Barnaba bai karya ba. Yunwa ta murɗa shi, ya jingina da ginshiƙi yana taɓa jita a hankali, bai san lokacin da wata tsohuwar waƙa ta fito daga bakinsa ba:

Wa ya buɗe tukunya?
Ba ni ba ne, ba ni ba ne.
Murfi ya faɗi ya kai ƙara,
Baki da mai, ido da hawaye.

Adnan ya ajiye wayarsa ya ɗauki sanduna. Tajuddeen ya shigo da bes daga ƙasa. Suka yi ta juya baitin nan har mahaifiyar Adnan ta leƙo ta taga da ludayi a hannu tana gyaɗa kai. Ba su taɓa yin abin da ya zauna haka ba, su ukun duk sun san da hakan.

"Me take nufi?" Adnan ya tambaya, numfashinsa na sama-sama.

Amsar gaskiya gajeriya ce. Barnaba yana ɗan shekara shida aka yi baƙin Fasto a gidansu, ya lallaɓa madafa ya buɗe tukunyar kaza, murfi ya suɓuce ya tona masa asiri. Mama Azumi ba ta dake shi ba. Waƙa ta yi masa, wadda ta bi shi har ajin ƙarshe na firamare. To amma mutumin da ake kira Ras, mai dada har kafaɗa, ina shi ina satar nama? Ya kalli nesa, ya sauke murya.

"Tukunyar nan Afirka ce," ya ce. "Murfin kuma mulkin mallaka. Masu baki da mai su ne waɗanda suka cinye arzikinmu, suna cewa ba su ba ne."

Idon Adnan ya ciko. Tajuddeen ya juya musu baya, kafaɗunsa na rawa. Adnan ya ɗauka kuka yake yi shi ma, ya tashi ya rungume shi yana bubbuga bayansa, abin da ya kusa kashe Tajuddeen ke nan.

Waƙar "Tukunya" ta kama kamar wutar daji. Daga wayoyin ɗalibai ta shiga shagunan abinci, aka fara gayyatarsu Melaka da Ipoh. Barnaba ya ga samari da 'yan matan da ba su san ko "sannu" ba suna ɗaga hannu sama suna ihun "bani bani". Hausawan gari sun ji kalmomin sarai, amma da suka ji bayanin sai suka ce lalle yaron nan yana da zurfin tunani, habaici ne ya yi. Kafin kowane wasa sai ya yi jawabin tukunya da murfi, jawabin kuma kullum ƙara tsawo yake, har shi kansa ya fara jin tsikar jikinsa na tashi. Aka buga riguna masu hoton tukunya da murfi a sama yana shawagi.

Ana cikin haka Roseline ta haifi 'ya mace, aka sa mata suna Murna. Mama Azumi ta aiko cewa tana nan tafe wankan jego.

Barnaba ya tattara rigunan ya cusa a bayan kwaba. Ya zaunar da matarsa zai yi mata bayani, ta riga shi.

"Kindness ta ba ni labarin kazar tun ranar bikinmu," ta ce tana gyara wa jaririya hula. "Ni dai ba ruwana. Mai jego ce ni."

A filin jirgi Mama Azumi ta rungume ɗanta, ta ja da baya ta ƙare wa kansa kallo.

"Ashe shi ya sa kullum in ka kira ni a waya da hula nake ganinka. Na ɗauka sanyi ake yi a ƙasar."

Da ta ji wani ɗalibi ya gaishe shi da Ras Barna, sai ta ce, "To, suna dai linzami ne," ta wuce gaba da jakarta.

Kwanakin farko lafiya lau. Ta karɓi gidan kamar dama nata ne, ta kori shinkafar da Barnaba yake yo tapau, wato ƙunshin tafi-da-gidanka, daga waje, ta ce abincin leda ba ya kawo nono. Ya fara sakin jiki. Wata safiya ma har ya ɗauke ta zuwa shagon mamak na ƙasan benensu, wurin Indiyawan nan Musulmi, don ta ga yadda ake jan shayi daga kofi zuwa kofi kamar ana saƙa. Suna zama mai kawo abinci ya gane shi.

"Ras Barna! Tukunya!" Ya ruga wurin lasifika.

Barnaba ya ɗaga hannu zai hana, ina, bes ɗin Tajuddeen ya riga ya cika shagon. Mama Azumi ta yago gurasar roti ke nan, hannunta ya tsaya a hanya. Ta saurari waƙar tun daga farko har ƙarshe, yatsanta ɗaya na bugun tebur. Mai jan shayi yana amshi, wani tsoho ɗan Sin a teburin gefe yana amshi. Da aka gama ta kai lomar baki, ta tauna a natse, ta kurɓi shayi.

"Sukari ya yi yawa," ta ce.

Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma da ma ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Daga ranar, in tana yi wa Murna wanka, ƙasa-ƙasa yake jin karin waƙar na fitowa daga banɗaki. In ya shigo madafa shan ruwa, sai ta miƙe ba gaggawa ta rufe tukunya, ta ɗora ƙaramin turmi a kan murfin. Wata rana ya dawo daga aiki ya tarar da ita sanye da rigar nan mai hoton tukunya tana shara. Roseline kuwa da ya kalle ta sai ta kalli silin.

Sai ga bikin al'adun ɗaliban ƙasashen waje ya zo, wanda za a yi ranar Asabar da la'asar a filin wata jami'a, su ne kuma manyan baƙi. Mama Azumi ta ce da ita za a je. Ya ce akwai zafi. Ta ce ta yi noma. Ya ce hadari na iya haɗuwa. Ta ce ita ba gishiri ba ce. Ya ce ƙarar lasifika ba ta da kyau ga manya.

"Barnaba, na haifi mawaƙa, na auri mawaƙi. Wace ƙara ce ta rage ban ji ba?"

Ta ɗauro zanen zumunta da ɗankwalinsa, ta zauna a kujerar gaba ta ɗora jaka a cinya.

Barnaba ya yi niyyar tsallake waƙar gaba ɗaya. Ya kayar da Babila, ya tayar da zaki, ya ce mun gode. Fili ya ɗauka: "Tukunya! Tukunya!" Da ya ga ba makawa, ya yi wa abokansa alamar a shiga kai tsaye, ba jawabi. Amma Adnan, wanda ya haddace jawabin fiye da mai shi, ya ga bai kamata a hana jama'a ba, ya ɗauka tawali'u ne ya kama abokinsa a gaban uwa. Ya jawo makirufo ya zuba shi duka, Afirka da murfi da komai. Ya ƙara da cewa uwar da ta raini wannan gwarzo cikin gwagwarmaya tana nan tare da su, a taimaka a tafa mata ta hau dandamali.

Ba ta jira an sake kira ba. Ta miƙa wa na kusa da ita jakar, ta hau matakala a hankali, ta karɓi makirufo daga hannun ɗanta kamar yadda ake karɓe wuƙa daga hannun yaro. Ta yafito Tajuddeen.

"Zo nan, ɗana. Kai za ka yi tafinta. Ina jin Turancin, bakina ne ba na so in wahalar. In ka rage kalma ɗaya zan sani."

"To, Mama," in ji Tajuddeen, ya matso da bes rataye a wuya, fuskarsa kamar ta wanda aka yi wa albishir.

"Ina gaishe ku. Na ji an ce tukunyar nan Afirka ce. To, ni dai na san tukunyar, don ni na saye ta a kasuwar Bukuru, kuma kunnenta ɗaya ya karye. Abin da ke ciki kaza ce ta baƙin Fasto. Wanda ya buɗe kuma ga shi nan tsaye, gashi ne kawai ya ƙaru."

Tajuddeen ya fassara tsaf, bai rage ko wasali ba. Hausawan da ke filin ba su jira shi ba, tuni wasu sun zube a ciyawa. Sauran jama'a suka biyo baya kamar ruwan da ya ɓalle. Barnaba ya duba katakon dandamali ko akwai ramin da zai shige.

"Kuma waƙar ma bai kawo muku ita duka ba," in ji Mama Azumi. "Ya yanke mata gindi. Kai mai ganga, ba ni kiɗa. Kada ka yi gudu, ba kora ake yi ba."

Adnan, baki buɗe, ya saki kiɗa. Ta ja numfashi ta ɗaga murya:

Barnaba auta, ɗan Josiah,
Cinyar kaza ta baƙi ce,
Ka sa ta a aljihun wando,
Kare ya raka ka har coci.

Rabon da Barnaba ya ji muryar nan a fili, ba ta waya ba, ya manta. Ba ta tsufa ba ko kaɗan. Tana zama a bayan kiɗan, ta bar shi ya wuce kaɗan sannan ta cafko shi, abin da shi ya yi shekaru yana nema a kaset ɗin mutanen Jamaika, ashe yana tsakar gidansu. Kunyar ba ta tafi ba, amma hannunsa ya koma kan jita da kansa. Da ta jefo "Wa ya buɗe tukunya?" ta juyo ta kalle shi, ya sunkuya ga makirufon Tajuddeen ya amsa da ƙaramar murya, irin ta yaron da aka kama:

"Ba ni ba ne, ba ni ba ne."

Filin ya kusa tsagewa. Sau uku aka sa su maimaita, a na ƙarshe har masu sayar da abinci suka bar rumfunansu suna buga murafen tukwane.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Adnan ya haɗa gangunansa shiru, ya zo ya tsaya gaban Barnaba.

"Na yi kuka a Melaka," ya ce. "Na yi kuka a Ipoh, a gaban surukina. Saboda cinyar kaza, lah."

Ya tafi bai yi sallama ba, ya kuma daina ɗaukar waya. Mama Azumi ce ta gyara. Ta sa aka kai ta kasuwar Cheras ta zaɓo ganye da kanta, ta yi gwaten acca da ta zo da ita daga gida, ta ce a gaya wa mai ganga uwa na kira. Ya zo da fuska a murtuke, ya ci kwano biyu a murtuke, ya nemi a yi masa tapau a murtuke. Sannan ya ce ya yafe, da sharaɗin daga yau shi zai riƙa ba da labarin kazar kafin waƙa, kuma zai faɗi na karen.

Bayan Adnan ya tafi Barnaba ya samu mahaifiyarsa a baranda tana shanya kayan jaririya. Ya tsaya yana murza hannu.

"Mama, ki yi haƙuri. Na ɗauki waƙarki ban faɗa miki ba."

"Wannan ba komai ba ne. A gidanmu waƙa ta mai baki ce. Babanka ma rabin waƙoƙinsa na Kirsimeti a bakin turmina ya tsince su, ya je ya sa musu kwat." Ta yarfe wata 'yar riga ta rataye. "Abin da ya ɓata min rai, kunyar yaron nan da ka ji. Yaro ne mai kyau, yunwa ce kawai ta dame shi. Wai ni Babilar nan da kake ta kayarwa, ka taɓa zuwa?"

"A'a, Mama."

"To ka bar mutane su zauna lafiya a garinsu. Miƙo min wancan zanen."

Bidiyon bikin ya zaga duniya. Aka fara kiran Barnaba daga wurare ana cewa a zo wasa, amma da Mama. Ita kuwa ta ce lokacin haƙar dankali ya yi, ga shi matan zumunta sun aiko cewa wadda ta bar wa jan waƙa tana kai su rami. Jego na cika ta haɗa kayanta, har da riguna masu tukunya da za ta raba wa ƙawaye, ta koma Bukuru.

Tajuddeen ma ya kammala karatunsa ya koma Kano gabansa na faɗuwa, don bidiyon ya riga shi isa. Baffansa ya tare shi a zaure, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Mun gan ka a waya kana yi wa wata dattijuwa tafinta. Turancinka ya yi kyau." Abin da ke rataye a wuyansa kuwa, har yau ba wanda ya ce ya gani. A can Maleshiya kuwa, wata 'yar ƙasa mai suna Zuhra, ɗalibar lissafi, ita ta gaji bes ɗin, ta kuma kafa doka tun ranar farko cewa ba za ta kaɗa waƙar da ba a fassara mata a gaban shaidu ba.

Barnaba ya daɗe bai rubuta komai ba. Ranakun aiki yana kan tsani yana kwance na'urori, ƙarshen mako yana kan dandamali yana amsa laifin kaza. Sai wata rana lif ɗin benensu ya lalace, kamar yadda ya saba, ya hau da ƙafa har hawansu da tukunyar gas a kafaɗa, ya isa ƙofa ya tuna makulli na cikin mota a ƙasa. A kan matakala ya zauna, yana haki, ya yi waƙar farko da ba wanda zai ce tasa ce sai shi. A kan lalataccen lif ɗin ya yi ta, da Hausa, amshin kuma da Malayanci. Ba ta kai "Tukunya" tashe ba, amma duk wanda ya taɓa zama a dogon bene ya gane ta, mazauna benensu kuwa suka mayar da ita taken ƙasa, suna rerawa a matakala da kayan cefane a hannu.

Ba a daɗe ba masu kula da benen suka kawo sabon lif. Shugabansu ya tare Barnaba a bakin ƙofa, ya nuna masa shi yana sheƙi, ya ce tunda an gyara, boleh, wato ko zai yiwu, a daina waƙar haka nan? Barnaba ya ce zai duba, sai dai an riga an gayyace su Penang ranar Asabar, kuma ita aka ce a fara da ita.